GAYYA DA TARBACE: KOWA YANA DA ABIN DA ZAI BA GARINSU

Kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure, an kai rumbu. Rani ya shigo, aikin gona ya yi sauƙi. Yanzu ne mutanen gari suke samun sukunin zama su duba abin da ya lalace. Ga rijiya ta rufta. Ga ƴan lakwal suna karatu cikin rumfar zana. Ga bazara tana tafe, lokacin da hatsi yake tsada.

Ƙasar Nijar tana da faɗi, garuruwanta dubbai ne. Gwamnati ba ta iya kai wa kowane gari a rana ɗaya. Garin da ya zauna yana jira, zai daɗe yana jira. Shi ya sa ake kafa ƙungiyoyi na taimakon kai da kai. Ƙungiya tana bukatar abu uku: hannun da zai yi aiki, kuɗin da za a sayi kaya, da amanar da za ta tsare kuɗin. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su daɗewa.

Gayya tsohuwar al'ada ce

Tun kaka da kakanni Hausawa sun san gayya. Mutum ya kwanta ciwo da damina, sai samari su taru su nome masa gona. Za a ɗora jinka a kan ɗaki, sai maƙwabta su kawo hannu. Daga nan aka samu karin maganar nan: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan shekara ta 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya. Kowane gari da sarkin samarinsa. Samariya ta gina azuzuwan lakwal masu yawa, ta share tituna, ta dasa itatuwa. Bayan shekara ta 1990 samariya ta yi sanyi, amma tsofaffi ba su manta da aikinta ba.

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza ta jihar Tawa, iska tana kwashe ƙasar gona, tana binne shuka. A shekara ta 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara aiki tare da manoman wurin. Aka dasa dogon yaro layi-layi a tsakanin gonaki. Da itatuwan suka girma, suka tare iska, hatsi ya ƙaru, aka kuma samu itace.

A jihar Maraɗi, tun shekarun 1960, garuruwa suka fara zaɓen ƴan agaji da ungozomomi. Ana koya musu aiki na ƴan kwanaki a gidan likita, a ba su akwatin magani, su koma gida. Ba su da albashi. Sun wanke gyambo, sun ɗiga maganin ciwon ido, sun tura masu ciwo mai tsanani asibiti.

A jihar Maraɗi ɗin dai, a shekara ta 1991, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da taimakon CARE. Mata suna zubi kowane mako, suna ba junansu rance daga cikin kuɗinsu. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Wannan dabara ta bazu cikin Nijar, ta ƙetare zuwa ƙasashe da yawa na Afirka, har Asiya.

Ina ake neman hannu?

Wanda yake son taimakawa ba sai ya tafi nesa ba. Ga wuraren da ake bukatarsa:

1. Kwamitin lakwal. Iyayen yara da malamai ne suke cikinsa. Suna gyaran aji da tebura, suna bin gida-gida don a sa yara lakwal, musamman ƴan mata. Aikin gina aji yana da muhimmanci ƙwarai. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal ta Yamai. A watan Nuwamba na wannan shekara irin haka ta faru a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Zana da kara ba su da wuyar kama wuta. Ajin ƙasa mai ƙofa mai faɗi ya fi tsare yara.

2. Kwamitin ruwa. Shi yake kula da rijiya ko famfo. Ana bukatar mai karɓar kuɗin ruwa, da mai share bakin rijiya, da mai hana dabbobi ɓata wurin, da saurayin da zai koyi gyaran famfo.

3. Bankin cimaka. Rumbu ne na gari duka. Ana sayen hatsi da kaka, lokacin da yake da araha. Ana ajiye shi har bazara da farkon damina, a sayar wa mutanen gari da sauƙi. Irin waɗannan rumbuna sun yawaita bayan farin 1973 da na 1984. Wanda ya ga ƙarancin abincin 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa ya san amfaninsu.

4. Asusun mata. Bayan kuɗin zubi, mata suna ware ɗan abu a gefe. Da shi ake taimakon wadda ta haihu, ko wadda ɗanta ya kwanta asibiti, ko wadda gobara ta shafa.

5. Aikin lafiya. Ƴan sa kai suna auna dantsen yara da ɗan ma'auni mai launi uku: kore, rawaya da ja. In ya nuna ja, yaron yana fama da tamowa mai tsanani, sai a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Akwai kuma ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj, wadda aka kafa a Nijar a shekara ta 1963. Tana koya wa matasa taimakon farko ga wanda ya ji rauni.

6. Kyautar jini. Da damina zazzaɓin cizon sauro yana ƙarar da jinin yara. Mata masu haihuwa su ma sukan zubar da jini da yawa. Mai lafiya da ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya ba da jini. Likita yana duba shi tukuna. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi.

Mene ne aikin sa kai?

Aikin sa kai shi ne aikin da mutum ya ɗauka da yardarsa, don amfanin jama'a, ba don a biya shi ba. Ya bambanta da aikin poroje, inda ake gina gandari ko a dasa itace a karɓi kuɗi ko abinci. Ya kamata a faɗi wannan a fili tun ranar farko. Wanda ya shiga yana tsammanin albashi, in wata ya ƙare bai gani ba, sai ya yi fushi ya bar aikin a tsakiya.

Ɗan sa kai shi ma yana da gona, yana da iyali. In aka ɗora wa mutum ɗaya kaya duka, zai gaji. Saboda haka a raba aiki. Unguwar gabas ta fito ranar Asabar, unguwar yamma ta fito ranar Lahadi. Kada a sa gayya ranar kasuwa. Kada a sa ta ranar shuka. Mai tsaron bankin cimaka, ko mai gyaran famfo, jama'a suna iya taya shi noman gonarsa kwana ɗaya ko biyu. Wannan ma godiya ce.

Ba wanda ya rasa abin bayarwa. Mai ƙarfi ya haƙa ƙasa. Mai amalanke ya ɗauko yashi. Mata su kawo ruwa da fura. Magini ya ja igiya. Maƙeri ya gyara diga da shebur. Tsoho ya zauna a inuwa yana sasanta masu gardama. Makaɗi ya buga ganga, samari su ji ƙarfi.

Hanyoyin tara kuɗi

Hannu kaɗai ba ya sayen kwano da ƙusa. Dole a tara kuɗi. Ga hanyoyi shida da garuruwa suka saba da su:

Ta farko, tarbacen hatsi da kaka. Lokacin nan kowa yana da ɗan abu a rumbu. A ɗauki misali: gari mai gida 80, kowane gida ya ba da tiya 5. An samu tiya 400 ke nan. Babban buhu yana cin kamar tiya 40. Ashe gari ya tara buhu 10. In aka jira sai bazara, ba mai iya ba da ko tiya ɗaya.

Ta biyu, zubin mako. Misali: mata 30, kowace ta zuba dala 20 a mako. Dala 20 sau 30, jika 3 ke nan. A mako 4 an samu jika 12. A mako 40 an samu jika 120. Da yayyafi kogi yake cika.

Ta uku, gonar ƙungiya. Maigari ya ba da fili. A shuka gyaɗa, ko wake, ko riɗi. A yi noma da gayya. Abin da aka sayar ya shiga asusu. Inda akwai fadama, ana iya yin garkar albasa ko ta kabeji da rani.

Ta huɗu, ɗiyan gari da ke waje. Akwai waɗanda suka tafi bida Yamai, ko Agadas, ko Kano, ko Abijan. Da yawansu suna da ƙungiyar zumunta a can. Suna son garinsu, amma suna son su san inda kuɗinsu zai shiga. A aika musu bayani dalla-dalla: ga aikin, ga abin da zai ci, ga abin da mutanen gida suka riga suka tara. In an gama, a ɗauki hoto da wayar salula a tura musu.

Ta biyar, wasa. A shirya kokowa ko ƙwallo tsakanin garuruwa bayan kaka. Masu kallo su biya abin da aka yanka a bakin ƙofa. A sanar tun farko cewa kuɗin na aikin rijiya ne ko na lakwal.

Ta shida, kuɗin amfani. Wanda ya ɗebi ruwa a famfo ya biya ɗan abu kaɗan. Wannan kuɗi shi ne na gyara. Famfon da ake sha kyauta, ranar da ya lalace, shi ke nan ya tsaya.

Game da zakka kuwa, tana da nata masu haƙƙi da addini ya bayyana. Kada a haɗa ta da kuɗin tarbace sai an tambayi malamai.

Misalin gina aji ɗaya

A ce gari yana son ya maye rumfar zana da ajin ƙasa. Da farko kwamiti ya je wurin shugaban lakwal da sufeton ilmi, a ji tsawo da faɗin da ake bukata. A sanar da ofishin magajin gari. Sannan a kira magini ya ƙiyasta kaya.

A ce magini ya nemi tubali 3000. Samari 30, in kowa ya buga 50 a rana, kwana 2 sun isa. Ƙasa da ruwa da ɗauko kaya, duk gayya ta ɗauke su. Abin da ya rage na kuɗi shi ne kwanon rufi, da katako, da ƙusa, da ƙofa, da tagogi, da ladan magini. Da haka ake gane adadin da za a nema. Mutane sun fi sakin hannu in aka ce musu: kwano 30 ake bukata, an sayi 18, saura 12. In aka ce kawai a kawo kuɗin lakwal, kowa sai ya yi shiru.

A fara aiki da wuri. Ginin ƙasa yana son ya bushe, a rufe shi kafin ruwan farko.

Yadda ake neman gudummawa

Masu zagaye su tafi su biyu, kada mutum ɗaya. Su fara da gidan maigari da na liman. Su yi sallama, su gaisa, sannan su faɗi abin da ya kawo su. Misali, saurayi ya ce wa dattijo: «Baba, kwamitin rijiya ne ya aiko mu. Taro ya yanka tiya 5 kowane gida. In da hali yau, to. In babu, mu dawo ranar da ka ce.» Abin da aka bayar, a rubuta shi nan take, a gaban mai shi.

Akwai gidajen da ba su da hali: gwauruwa mai marayu, makaho, tsohon da ba shi da ɗa. Taro ya san su. A ɗauke musu, kada a kunyata su a bainar jama'a. Don irinsu aka kafa ƙungiyar.

Me yake kashe ƙungiya?

Talauci ba ya cika kashe ƙungiya. Zargi ne yake kashe ta. An tara kuɗi, an ba mutum ɗaya ya riƙe a aljihu. Biki ya taso masa, ya taɓa, da niyyar zai mayar. Wani babba ya zo ya ari kaɗan, ba a iya hana shi ba. Bayan wata shida aka tambaya, ba wanda ya san nawa aka tara, ba wanda ya san nawa ya rage. Sai gardama, sai gaba. Baɗi in aka sake kiran tarbace, ba mai fitowa. Kuɗin da ya ɓata ana iya samun wani. Yarda in ta ɓata, tana daɗewa ba ta dawo ba.

Bankin cimaka shi ma yana da nasa cututtuka uku. Na ɗaya, bashin da ba a biya. Na biyu, ƙwari da ɓeraye da yoyon rufi. Na uku, sayarwa da arahar da ta wuce kima. Kuɗin tiya ya kasance ƙasa da na kasuwa, amma sama da yadda aka saya da kaka. In ba haka ba, ba za a iya sake cika rumbun ba.

Ga dokoki bakwai da suke tsare amana:

1. Taron gari ne yake zaɓen kwamiti. A sa mata a ciki, a sa matasa.
2. Shugaba daban, ma'aji daban, sakatare daban. Kada su fito daga gida ɗaya.
3. Akwatin kuɗi ya kasance da kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku. Haka asusun mata da yawa suke yi. Akwatin yana gidan mutum na huɗu, wanda ba shi da makulli.
4. Ba a buɗe akwati sai a gaban taro. A ƙirga kuɗi da babbar murya.
5. Masu zuwa sayayya su tafi su biyu, su karɓo takardar shaida daga mai kanti.
6. Kowane wata a karanta lissafi a dandali, kowa ya ji.
7. In kuɗi ya yi yawa, a kai shi asusun ajiya da hukuma ta yarda da shi, da sa hannun mutum biyu ko uku.

Ƙungiyar da take son ta yi hulɗa da poroje ko da banki, sai ta nemi takardar izini. Ofishin magajin gari zai nuna mata hanya. A kuma yi hattara da baƙon da zai zo ya ce a biya shi kuɗi don ya rubuta sunan gari cikin masu samun taimako. A tambaye shi takardarsa, a kai shi wurin maigari, a bincika a wurin hukuma kafin a ba shi ko dala.

Aikin wanda ya iya rubutu

A nan ne wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yake da babban rabo. Garuruwa da yawa suna da masu ƙarfi, suna da masu bayarwa, amma sun rasa mai riƙe kaye. Ba a bukatar Faransanci. Hausa ta isa. Kaye ɗaya da alƙalami ɗaya sun isa. A ja layi huɗu: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ga misali:

Ran 5 ga wata: unguwar gabas ta kawo jika 12. Saura a akwati: jika 12.
Ran 9 ga wata: ɗiyan gari na Yamai sun aiko jika 30. Saura a akwati: jika 42.
Ran 14 ga wata: an sayi katako da ƙusa, jika 25. Saura a akwati: jika 17.

Ranar taro sakatare ya karanta: saura jika 17. A buɗe akwati a ƙirga. In an samu jika 17, magana ta ƙare, ma'aji ya fita kunya. In ba a samu ba, a bincika tun abin yana ƙarami. Rubutu yana kare mai gaskiya daga zargi. Yana kuma hana mai son zuciya samun ƙofa.

Yana da kyau a samu mutum biyu masu karatu: ɗaya ya rubuta, ɗaya ya duba. A cikin ƙungiyar mata, mace ta riƙe kayen da kanta. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, kada ta ji tsoro. Lissafin mako-mako shi ne zai gyara mata hannu.

Daga ina za a fara?

Kada a ɗauki aiki goma a lokaci ɗaya. Taro ya zaɓi aiki ɗaya, wanda kowa yake jin ciwonsa, wanda kuma za a iya gamawa kafin damina. In yashe rijiya ne, a yashe. In aji ne, a gina. Ranar da aka gama, a tara jama'a, a karanta lissafi daga farko har ƙarshe, a ambaci sunan kowace unguwa, a yi godiya, liman ya yi addu'a. Mutanen da suka ga inda tiyarsu 5 ta shiga, baɗi za su ba da 10.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali ko a wurin zubi. Sannan ya je wurin shugaban kwamitin garinsu ya tambayi aikin da ya rage ba mai yi.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, ya kai kowa damina mai albarka.